Ɗakin da Malam Ya Kulle

Ni dai a firamare karatuna ya tsaya, sauran duk tsintuwa ce, nan kaɗan can kaɗan. Amma akwai abu ɗaya da na iya, kuma ko a bencin mai shayi muka haɗu sai na cika maka kunne da shi: na iya ba yara ƙissa ta yadda ba za su tashi da "Allah sarki" kawai ba, za su tashi suna gardama. Yanzu haka ina da nawa yaran da nake tarawa, kuma duk abin da nake yi da su a wurin mutum ɗaya na kwaso shi. Malam muke ce masa. Ina son in faɗi yadda yake yi, don ban ga mai yi kamarsa ba, sai dai ba zai faɗu ba in ban haɗa da yadda abin ya ƙare masa ba.

Ba malamin manyan littattafai ba ne. Gyaran rediyo yake yi a bakin titi, kusa da gada. Ya yi allo ya sauke, sauran iliminsa a wurin tafsirin azumi ya tara, da abin da yake ji a rediyon mutane in yana gwadawa. Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula kasuwarsa ta buɗe sosai, kowa yana son akwatinsa ya yi magana ya ji wa ya ci wa ya faɗi. Duk da haka ran Alhamis da la'asar sai ya rufe rumfa ya dawo gida, ya shimfiɗa mana tabarmi a zaurensa. Babu bulala, babu kuɗin Laraba. Gidansa na kallon namu.

Bari ka ji yadda yake yi. Ranar da ya ba mu ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya kawo mu daidai inda yayyensa suka dawo wurin mahaifinsu suna kuka, ga riga duk jini, suka ce kyarkeci ya cinye shi. Sai ya tsaya cak.

Ya ce, "A ce ba ku san ƙarshen labarin ba. Kai ne uban. Wa ya yarda da su?"

Kusan duk muka ɗaga hannu.

Ya nuna ɗan mai wanki, wani ƙato da ya girme mu. "Me ya sa?"

"Ai kuka suke yi, Malam."

"Ranar da ka shanye furar babanka ka ce kyanwa ce, ka yi kuka ko ba ka yi ba?"

"Na yi."

"Kyanwar ce?"

Zauren ya ɗauki dariya. Ɗan mai wanki ya ce ai kyanwar ma ta ɗan lasa.

"To kuka ya fita. Saura me?"

"Jini," in ji wani.

"Jinin wa? Jini yana zuwa da suna a jikinsa?"

Yayata tana can gefen mata, ta girme ni sosai, ta kusa isa a daina barinta talla. Awarar Ummanmu take sayarwa a bakin titi, ba ta da surutu, amma idonta ba ya barin komai ya wuce. Ta ce, "Malam, rigar a yage take?"

Malam ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. "Me ya kawo wannan tambayar?"

"Rannan kare ya kama zanen wata a tasha. Bai ma cije ta ba, amma zanen ya tashi daga aiki. To dabbar da ta cinye mutum ɗungurum, cire masa riga ta fara yi ta ninke?"

Ban taɓa ganin babba ya ji daɗin yaro kamar ranar ba. Ya ce malamai sun faɗa, rigar lafiyarta ƙalau, kuma abin da uban ya lura da shi ke nan. Daga ranar ya koma ce wa Yaya "Alƙaliya". Ka ga dabarar? Bai faɗa mana ba, sai da ya bari muka tono da kanmu. Abin da ka tono da hannunka ba ya barin kanka. Har gobe in na ba yarana wannan ƙissa a nan nake tsayawa, kuma kullum sai an samu mai tambayar rigar.

Yana da ƙa'idojinsa. Duk wanda ya faɗi magana, za a ce masa ina shaida, kuma "an ce" ba shaida ba ce, sai ka kawo wanda ya gani. In ba ka da ita a take, kana da har wata Alhamis. Ba a yanke magana a bayan mai ita. Sannan ya yi mana alkawari da bakinsa cewa ba zai taɓa ce wa yaro yi shiru ba, ya ce ko shi ya faɗi abu kar mu ƙyale shi. Lokacin wasan zaɓe muke yi a unguwa, ƙato bayan ƙato, mu liƙa tsohuwar fosta a ƙirjin wani mu jeru a bayansa. Wata rana gardama ta ƙi ƙarewa, ɗan mai wanki ya ce a yi layi kawai, ai yanzu dimokuraɗiyya ce. Malam ya ce, "Yayyen Annabi Yusuf suna da yawa, shi kuma shi kaɗai ne, yana cikin rijiya ma. Da layi aka yi, wa zai ci?" Ba mu sake kawo maganar layi ba.

Iyayenmu fa ba su so abin ba. Da farko sun ji daɗi an rage musu yawon rafi, sai kuma tambaya ta fara shigo musu gida. Ni kaina na ɗanɗana. Babanmu dillalin shanu ne a kara. Wata Juma'a na kai masa abinci, na tarar yana rantse wa wani Bayarabe cewa sa ɗin nan bai taɓa ciwo ba tunda aka haife shi. Ni kuwa na san da safen nan aka sauke shi daga mota. Na ce, "Baba, ta ina ka sani?" Bayaraben ya kalle ni, ya kalli sa, ya yi gaba. Marin da na sha sai da na ga shanun sun zama bibbiyu. Tun daga ranar Baba ba ya kiran Malam da komai sai "mai rediyon nan".

Malam yana da 'ya ɗaya, 'yar ƙarama, ba ta daɗe da fara famfara ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka "Uwata" yake ce mata. A gefen ƙafarsa take zama in ana karatu, tana wasa da matattun batura. Tun da bazara muka daina ganin innarta. Malam ya ce wa yarinyar ta tafi Lajawa jinyar tsohuwarta, da ta samu sauƙi za ta dawo. Ɗakin innar kuma aka garƙame da kwaɗo, ya ce ta tafi da makullin don kar a taɓa mata kaya. Shi a zaure yake kwana, yarinyar a ɗan ɗakin kusa da madafa. Manya sun san abin da ake ciki. Yayan matar ya bi wani ɗan siyasa, ɗan siyasar ya ci, gidansu ya canza. Suka ga ƙanwarsu ta fi ƙarfin mai ƙona dalma a bakin titi, suka tsaya sai da aka raba auren. Manya suna faɗa a tsakaninsu, amma babu wanda ya faɗa a gaban yarinyar.

Ruwa ya sauka, an yi shuka. Wata Alhamis kafin a fara ƙissa, 'yar Malam tana nuna wa yara kunnenta, tana cewa Innarta za ta taho mata da 'yan kunne masu ja in ta dawo. Ta faɗa, ta sake faɗa. Yaya tana ƙirga canjin awara a bakin zanenta, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Innarki ba za ta dawo ba."

Da wani babba ne a wurin, ka san abin da zai ce. Ke, rufe mana baki, shi ke nan an wuce. Malam kuwa bakinsa ya saba. Kafin ya yi tunani maganar ta fita:

"Ina shaidarki?"

Ina kallon fuskarsa lokacin da ya ji abin da ya faɗa. Ya buɗe baki zai gyara, Yaya ta riga shi.

"Ba ni da ita yanzu, Malam. A ba ni zuwa Alhamis."

Yarinyar ta murguɗa mata baki. "Ba za ki samu ba. Ko Baba?"

Ya fara ƙissa, ya yi ta ruɗewa, ya sallame mu tun rana tana sama.

Ni ban ce Yaya ta tsani yarinyar ba. Ita dai an ce mata Alƙaliya, kuma ba ta taɓa faɗuwa a zauren nan ba. Satin nan ko cinikin kirki ba ta yi ba, ta bar mini farantin ta yi ta yawo. Kafin Asabar duk unguwa ta ji cewa ran Alhamis za a yi shari'ar matar mai rediyo, kuma 'yan makarantarsa ne za su yi. Mata suna aiko yara gidanmu da ƙarin bayani. Wata tsohuwa ta tare Yaya a bakin famfo ta ce, "Ki tambayi mai gyaɗar bakin kotu, 'yar nan, ita ta ga komai." Babu wanda ya ce mata bari.

Ran Laraba bayan magariba Malam ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ni na shimfiɗa musu buzu shi da Baba, na koma bayan ƙyaure na tsaya. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya gida, ya kasuwa, ya ruwa, ya shanu. Baba yana amsawa yana sakace haƙori.

Can Malam ya ce, "Alhaji, alfarma na zo nema. Gobe a riƙe mini Alƙaliya a gida. A aike ta wani wuri, ko a ce ta taya Ummanta aiki."

"Wace ce kuma Alƙaliya? Ni ban haifi alƙali ba."

"Babbar 'yarka nake nufi."

"Laifi ta yi?"

"A'a. Yarinyar nan tawa ce, Alhaji. Ba ta san komai ba. So nake ta ƙara wayo tukuna."

Baba ya tofar da tsinken. "To ai kai ne malaminsu. Ka ce mata ta yi shiru mana."

"Na yi musu alkawari ba zan faɗa ba."

"Au, ni ne zan faɗa maka ita ke nan? Ni ne mugun, kai ne na kirki?" Ya yi 'yar dariya. "Malam, yaron nan nawa ya kore mini ciniki a gaban mutane, na zo na ce maka wani abu? Cewa aka yi ilimi ne. Yanzu kuma an ce mulkin farar hula ake yi, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Ni ban isa in hana ta ba. In na ce kar ta je, cewa za ta yi ina shaidata."

Malam ya miƙe. Sannan ya ce Allah Ya ba mu alheri, ya nemi takalmansa.

Da ya so da ya rufe zauren ya ce yau babu karatu. Na sha tunanin me ya sa bai yi ba. Ina jin ya san in bai buɗe ba a bakin famfo za a yi shari'ar, babu shi a wurin. Da la'asar ya shimfiɗa tabarmi kamar kullum. Yaran da suka zo sun ninka na kullum, har da waɗanda ba su taɓa leƙowa ba. A waje kuma manya ne, wai inuwa suke sha. Baba ma ya fito da kujerarsa ƙofar gida. Mata suna leƙe ta kan katanga.

Malam ya laluba aljihu ya ce, "Uwata, zo ki je rumfa ki ce wa mai shayi ya duba mini ko na bar sukundireba a kan tebur. Ki jira har ya samo."

Ta miƙe. Yaya ta ce, "Malam, ba a yanke magana a bayan mai ita. Ita ta ce Innarta za ta dawo."

Yarinyar ta koma ta zauna da sauri, tana murna ma, wai yau da ita za a yi gardama irin ta manya. Ta gyara ɗankwalinta.

Yaya ta tashi tsaye. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ke kin ce Innarki jinya ta tafi. Wa ke ciwo?"

"Kakata."

Yaya ta kira wata yarinya mai sayar da ƙwarya a kasuwar Juma'a. Mai ƙwaryar ta ce ta san tsohuwar sarai, kuma Juma'ar da ta wuce ta gan ta a layin 'yan atamfa, da ƙafarta, tana yi wa mai shago masifa a kan ragi.

"Wataƙila ta warke ne," in ji 'yar Malam. "To ai Inna ta kusa dawowa ke nan."

Wani daga waje ya ce, "Kai, 'yar gidan ma ta iya." Aka yi dariya.

Yaya ta ce, "Kin tuna ranar da aka kai ki Kausani wurin gwaggonki kika kwana?"

"Na tuna. A keke muka je."

"Sallah ce?"

"A'a."

"Biki ne, ko suna?"

Ta girgiza kai.

"An taɓa kai ki haka kawai, ban da ranar?"

Ta waiwaya ta kalli babanta. Shi tabarma yake kallo.

Sai Yaya ta ce ɗan mai wanki ya faɗi abin da ya gani ranar. Ya miƙe yana washe baki, ga jama'a. Ya ce a-kori-kura ce ta zo, fara, an liƙe ta da fostar zaɓe har gilashin baya. Shi da kansa ya kama aka ɗora gado. Ya ce an kwashe kwanukan jere, an kwashe katifa, da turmi, har akuyar da ke ɗaure a gindin dalbejiya, ita ce ma ta yi masa fitsari a ƙafa.

"Baba ya ce akuyar kiwo aka kai ta," in ji yarinyar, amma muryarta ta yi ƙasa.

Yaya ta juya wurin yara, yadda Malam yake yi. "Wanda uwarsa ta taɓa zuwa jinya ko wankan jego ya ɗaga hannu." Hannuwa suka tashi. "Wa aka tafi da gadon tasa?" Suka sauka. "Mace tana tafiya da turminta in za ta dawo?"

"A'a," muka amsa baki ɗaya. Haka muka saba amsawa.

Mai gyaɗar bakin kotu ma ta zo, amma Yaya ba ta ko kira ta ba. Ta ce, "Duk wannan bakin mutane ne, kuma mutum yana iya ƙarya. Malam ya ce a duba rigar. Ga ɗaki can. In kayanta suna ciki, ni ce maƙaryaciya, a daina ce mini Alƙaliya. A buɗe."

"Inna ta tafi da makullin," in ji yarinyar.

"Makullan Malam guda nawa ne a zaren nan na aljihunsa? Na rumfa, na keke, na zaure. Ɗan ƙaramin mai ruwan tagulla fa, na ina ne?"

Babu wanda ya yi dariya a nan. Har na waje sun matso bakin ƙofa sun tare haske. Yarinyar ta dafa gwiwar babanta.

"Baba, buɗe mata ta gani. Buɗe ta ji kunya."

Ya ce, "Uwata, bari sai an watse."

"A'a, yanzu. Ai ka ce ko kai kar a ƙyale ka."

Ya tashi kamar wanda ya shekara a kwance. Ya shiga cikin gida tana riƙe da gefen rigarsa, mu kuma muka bi su ɗuu, har manyan da ba su da dalilin shiga gidan mutum. Sai da ya gwada ya sake gwadawa kafin kwaɗon ya buɗu.

Babu komai a ɗakin. Ƙusoshi ne a bango, da shatin inda kabad ya tsaya, farar ƙasar wurin ta fi ta sauran haske. A daɓe ga ramukan ƙafafun gado. Wata tsohuwar tsintsiya a lungu. Yarinyar ta shiga ta tsaya a tsakiya, ta juya, ta sake juyawa. Ta leƙa bayan ƙyaure, kamar gado zai iya ɓuya a can.

Wata mata ta kan katanga ta ce, "Ayya, ko tabarma ba su bar masa ba."

Yaya ta ce, "Malam, shaidata ta tsaya?"

Haka ake rufe kowace gardama a zauren, shi yake faɗa. Ya ce, "Ta tsaya."

Yarinyar ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta fito ta tsaya a gabansa ta ce, "Baba, da ka ce za ta dawo, ta ina ka sani?"

Ya durƙusa daidai tsawonta. "Ban sani ba, Uwata."

"Ka san ba za ta dawo ba?"

"Na sani."

Ta gyaɗa kai. Ta wuce ɗan ɗakinta ta turo ƙofa. Mutane suka fara zamewa, ana cewa yaran yanzu sai addu'a. Da muka fito Baba ya kira Yaya ya ba ta ragowar tsiren da ke gabansa.

Alhamis ta gaba Malam ya shimfiɗa tabarmi, mu kaɗan muka je. Iyaye sun ce ba za su kai 'ya'yansu wurin mai yi wa 'yarsa ƙarya ba, su da suka tsaya kallo. Yaya ta je ta zauna a wurinta, ya ba da ƙissa tun daga farko har ƙarshe bai tsaya ya tambaye mu komai ba. Bayan wannan bai sake shimfiɗawa ba.

Yarinyar kuma yara suka sa ta a gaba. In ta fito ɗiban ruwa sai su bi ta suna "A buɗe ɗakin, a buɗe ɗakin," suna tafi. Amma ba wannan ne ya ci Malam ba. Daina yarda da shi ta yi, gaba ɗaya. In ya ce akwai nama a miya, sai ta buɗe tukunya ta duba kafin ta zauna. In ya ce zai dawo kafin magariba, sai ta ce wa ya sani. Ba da rashin kunya take faɗa ba, a hankali take faɗa, kamar mai karanta abin da aka koya mata. Abin mamaki, sai ta koma bin Yaya. Duk inda Yaya ta ajiye faranti tana gefe a tsugune. Abin da Yaya ta ce shi ne gaskiya.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da saƙo ya zo daga Lajawa. An sa ranar auren innarta da wani ɗan kwangila, kuma da an ɗaura za a wuce da ita Kudu. Ta roƙi yayanta ya biyo ya ɗauko mata 'yarta su yi sati tare kafin ta tafi. Malam ya yarda. Ya kawo wa Ummanmu 'yar rigar Sallar yarinyar a wanke a goge, ya roƙa a yi mata kitso. Ina wurin ya faɗa mata, a ƙofar gida.

"Uwata, Innarki ta aiko. Gobe da hantsi kawunki zai zo da mota ya kai ki wurinta."

Ta ce, "Wa ya gani?"

"Ni aka faɗa wa. Ɗan aike ya same ni a rumfa."

"An ce ke nan."

"Wallahi, Uwata. Na rantse miki."

"Ran nan ma ka ce wallahi."

Ta ƙi zama a yi kitson. Umma ta lallashe ta, ta ce ita ma ta ji, yarinyar ta ce a wurin wa, Umma ta ce a wurin babanki, shi ke nan magana ta mutu. Yaya ce kaɗai za ta faɗa ta yarda. Malam ya tare ta a bakin titi, mutumin da ya girmi Ummanmu, ya ce, "Alƙaliya, don Allah ki ce mata gaskiya ne." Yaya ta ce ita ba ta ga ɗan aiken ba, ba za ta faɗi abin da ba ta gani ba.

Da safe an yi ruwa. Kafin Malam ya dawo daga masallaci ya gama haɗa mata ƙunshin kaya, yarinyar ta sulale ta bi wasu yara gona cirar rama, can bayan rafi. Ba ta gaya wa kowa ba. Da hantsi motar ta zo, ita ce dai farar nan, fostar ta koɗe. Kawun ko fitowa bai yi ba, sabuwar shadda ce a jikinsa kuma ƙasa da taɓo. Ya yi ta danna oda. Malam ya hau keke ya zaga tasha, ya zaga bakin gada, ya aike mu gida-gida. Kawun ya ce shi fa yana da taro a sakatariya, mai gidansa yana jiransa, ba zai zauna jiran 'yar mai rediyo ba. Ya miƙo wata baƙar leda ta taga, Malam bai kai ga karɓa ba ya sake ta a ƙasa, ya ja mota.

Sai wajen azahar ta dawo, da ɗaurin rama a ka. Malam yana zaune a dakalin ƙofar gida, rigar Sallar tana ninke a cinyarsa, ledar tana gefe. Ta ga sawun taya a jiƙaƙƙiyar ƙasa, manya, sun zo har bakin zaure sun juya. Ta sauke ramar. Ta tsuguna ta sa yatsa a cikin sawun. Ta jawo ledar ta buɗe: 'yar atamfa ce, da takalmin roba, da 'yan kunne a ƙulle a ƙyalle.

Ba babanta ta kalla ba. Ta tsallaka wurin Yaya, da ke wanke faranti a ƙofar gidanmu.

"Yaya, da gaske mota ta zo?"

"Ta zo. Na gan ta. Ta tafi."

Sai ta saki ledar ta kwasa da gudu, tana bin sawun. Ta bi shi ta lungun masallaci, ta bi shi ta gaban injin niƙa, Malam yana binta a baya da rigar a hannu yana kiran Uwata, Uwata, mutane suna fitowa kallo. Ta bi shi har bakin kwalta, inda ya hau titi ya ɓace a cikin na manyan motoci. Nan ta tsaya tana duba hagu da dama.

Daga baya muka ji kawun ya je ya ce Malam ne ya ɓoye ta. Ba su sake aikowa ba.